Ashe taya ce ta jawo min, ba giya ba

Motata irin manyan SUV ɗin nan ce ta alfarma mai jan ƙafa huɗu, na saye ta hannu kuma ta yi min shekara guda ko tari ba ta yi ba. Da tayoyin baya suka cinye sai na sa sababbi guda biyu na bar na gaba, wai ni mai tattali.

Ba a yi sati biyu ba kurus, wato na'urar da ke riƙe wa mota gudun da ka saita, ya fara min wasa da hankali. In saita gudu a 110 in ɗage ƙafa daga totur, tana tafiya sumul, kawai sai ya saki kansa, fitilar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) ta kawo ta ɗauke, motar ta fara rage gudu ga babbar mota a bayana tana danna min hon. Daga baya kuma in zan yi fakin ko in karya sitiyari sosai a hankali sai in ji tana kakkarwa daga ƙasa, gif gif gif, kamar ana riƙe ta.

Bakaniken farko ko ƙarƙashinta bai leƙa ba ya ce oga giya ce ta tafi, a sauke. Gabana ya faɗi wallahi, don giyar irin waɗannan motoci ba abin wasa ba ce. Na biyun ne ya jona kwamfuta a soket ɗin OBD da ke ƙasan sitiyari muka zaga tare yana kallon gudun kowace taya, na gaba suna nuna wani abu na baya suna nuna wani. Ya tsuguna ya karanta jikin tayar ya ce Alhaji wa ya sa maka wannan? Ashe taya mai lambar girma 255/55 aka ba ni maimakon 255/50 irin na gaba, duk rim 19, ni ko dubawa ban yi ba, tsayinsu ya bambanta da kusan santimita 2.5 ga na gaban kuma sun sha hanya.

Kowace ƙafa tana da sansa mai ƙirga juyawarta, to da lissafin ya ƙi haɗuwa sai kwamfutar ta ɗauka taya na santsi, shi ya sa take kashe kurus. Tiransifa kuma, akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kulocinsa ya yi ta aiki ba hutu har man ciki ya ƙone. Da aka zuba shi baƙi ƙirin, ga wari. Man nan ne fa ake cewa wai ba a canza shi har abada, ni dai na daina yarda da wannan zancen.

Na sa huɗu iri ɗaya, aka canza man, aka goge abin da kwamfutar ta haddace. Kurus ya dawo daidai tun ranar. Kakkarwar ta ragu sosai amma da safe in na yi ribas ina karya kan mota har yanzu ina ɗan jin ta, bakaniken ya ce kulocin ya riga ya ci wuya, in fara tara kuɗinsa.