Mako na bakwai da fara hasashen yanayi: ranar da ƙanƙara ta kunyata ni

Salam 'yan uwa masu koyo, ya ƙoƙari, ya kallon sama. Yau mako bakwai cif da na fara rubuta hasashena na gobe kullum da dare kafin in kwanta, kuma dama na ce duk abun da ya faru zan kawo muku, mai daɗi da mara daɗi. To na wannan makon mara daɗin ya fi yawa.

Tsarin dai bai canja ba. Yanki ɗaya nake bi, faɗinsa bai wuce kilomita 100 ba, kuma ba na wuce awa 24 zuwa 48, wanda ya ce zai gaya muku yanda ranar Asabar ta sama za ta kasance a irin wannan lokacin ku bar shi da Allah kawai. Bazarar da nake magana irin ta ƙasashen sanyi ce, Maris zuwa Mayu, lokacin da hunturu ke tattara komatsansa zafi kuma bai gama shigowa ba, kowanne na jan gari ta ɓangarensa. Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, a nan kam ko safiyar Juma'ar ba ta gaya maka yanda la'asar ɗinta za ta kasance. Kayan aikina ma'aunin zafi da laima ne da na rataye a inuwa mita ɗaya da rabi daga ƙasa, sai mazubin awon ruwan sama, sai baromitar da ke cikin wayata, wato ma'aunin nauyin iska. Dokar da na sa wa kaina ita ce sai na rubuta nawa tukuna kafin in leƙa na hukuma, in ba haka ba kwafa kake yi kana yaudarar kanka.

Ranar Litinin komai ya tafi kaman a littafi, har na fara jin kaina. Tun Lahadi da rana na ga siraran gajimaren nan na can ƙololuwa masu kama da gashi, daga baya suka baje suka zama farin mayafi har zobe ya fito kewaye da rana, baromita kuma tana ta sauka a hankali, iska ta koma tana busowa daga kudu. Na rubuta ruwa kafin wayewar gari, kuma aka yi, yayyafi mai naci na awanni. Wannan shi ne bakin dagar ɗumi, wato iyakar da iska mai ɗumi ke shigowa tana maye gurbin mai sanyi, jan layin nan mai rabin da'ira a taswira. Sunan ma ya burge ni da na gano asalinsa, masanan Bergen na ƙasar Norway ne, su Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob, suka aro shi daga bakin dagar sojoji jim kaɗan bayan yaƙin duniya na ɗaya, don sun ga iska mai sanyi da mai ɗumi ba sa cakuɗewa da sauƙi, ja-in-ja suke a kan layi. Da daren Litinin bakin dagar sanyi ya biyo baya, shuɗin layi mai tsinaye, ruwa ya tsuge na ɗan lokaci ya ɗauke, iska ta juya daga kudu maso yamma zuwa arewa maso yamma, baromita ta fara hawa. Duk na kama su.

Sai Talata. Daren Litinin ɗin na kalli baromita tana hawa, na leƙa waje taurari tar, na ce shikenan ruwa ya wuce, na rubuta da ƙarfin gwiwa: gobe rana, ba ruwa, yiwuwar ruwa kashi 10. Da safe kuwa sama garau, ko ɗigon gajimare babu, har na shanya kaya na fita ba lema. Wajen ƙarfe goma 'yan dunƙule-dunƙulen farin gajimare suka fara fitowa kaman an watsa auduga, ban damu ba. Kafin ƙarfe ɗaya sun yi tsiri sun yi toroƙo, gindinsu ya yi baƙi, biyu da 'yan mintoci kawai sai ƙanƙara, ƙanana kaman tsakuwa, ta yi ta dukan rufi kusan minti goma, ma'aunin zafi ya faɗo digiri da dama a ɗan wannan lokacin, sannan rana ta sake fitowa kaman ba ita ba har da bakan gizo. Kafin magariba sau uku aka yi haka. Da dare kuma komai ya watse, taurari suka dawo suna kallona. Kayan shanya ba sai na faɗa ba.

Na zauna na bi abun a tsanake, kuma nan ne nake so mu daɗe don ina ganin da yawanmu za mu faɗa ramin nan. Kuskurena shi ne ƙasa kawai nake kallo. Baromita nauyin dukan iskar da ke kanka take aunawa, ba ta gaya maka yanda sanyi da ɗumi suka jeru daga ƙasa zuwa sama, alhali a bazara rigimar a nan take. Rana ta riga ta yi ƙarfi, ranar Afrilu ƙarfinta kusan ɗaya da ta ƙarshen Agusta ne in ka duba tsayinta a sama, tana gasa ƙasa da sauri. Amma iskar da ta biyo bayan dagar sanyi daga can arewa ta taso, samanta har yanzu na hunturu ne. Ƙasa ta ɗumama iskar da ke manne da ita, iskar ta yi sauƙi ta tashi, tana tashi tana hucewa kusan digiri 10 a kowace kilomita muddin ba ta fara zama gajimare ba, in ta fara kuma hucewar ta ragu saboda zafin da tururi ke saki. Muddin ta fi iskar da ke kewaye da ita ɗumi ba za ta tsaya ba, haka za ta yi ta hawa har ta kai inda ruwa ke daskarewa. Shi ya sa safiya ke yin garau, don ƙasa ba ta ɗau zafi ba tukuna, shi ya sa kuma abun ke mutuwa bayan faɗuwar rana, an kashe masa wuta.

Da na koma na buɗe taswirar sama, wadda a da nake tsallakewa don tana min kama da zanen yara, ga amsa nan ɓaro-ɓaro. Akwai taswirar matakin 850, wato tsayin da nauyin iska ya sauka zuwa miliba 850 (miliba shi ne awon baromita), wajen mita 1,500 kenan, da ta matakin 500, wajen mita 5,500. Ranar Talata a matakin 500 sanyin ya kai 32 ƙasa da sifiri a kan yankina, ni kuma a ƙasa na auna 12 da rana. Tazara 44 kenan, ka raba da kilomita biyar da rabi ka samu digiri 8 a kowace kilomita, alhali matsakaicin da aka saba 6.5 ne. Da na yi wannan ɗan lissafin daren Litinin, minti biyu, da ban rubuta kashi 10 ba. Bayanan nan kuma ba ɓoyayyu ba ne, tashoshi a faɗin duniya na sakin balan-balan mai ɗauke da na'ura sau biyu a rana, 12 na dare da 12 na rana agogon GMT, kuma ana saka sakamakon a intanet.

Wani ɗan lissafi da na ƙara kuma yana min daɗi shi ne na tsayin gindin gajimare. Ka ɗau zafin iska ka cire digirin raɓa, wato matakin da in iska ta huce zuwa gare shi tururinta zai fara zama ruwa, abun da ya rage ka ninka da 125, ya ba ka mita. Talata 12 ne da 4, saura 8, mita 1,000. Yana aiki ne kawai ga gajimaren da zafin ƙasa ke tayarwa fa, kar wani ya je ya gwada shi a kan mayafin dagar ɗumi ya dawo ya ce na yi ƙarya.

Daren Laraba na ɗan rama. Sama ta washe, iska ta kwanta, digirin raɓa ya yi ƙasa sosai, na ce ƙasa za ta zubar da zafinta ba bargon gajimare, na rubuta farin sanyi a kan ciyawa da asuba. Ma'aunina 3 ya nuna amma ciyawa ta yi fari fat, don dab da ƙasa ya fi inda na rataye shi sanyi da 'yan digiri. Masu shuka a fili su lura da wannan, rana mai daɗi a bazara ita ke jawo dare mai ƙona tsiro.

Game da lissafin kwamfuta, na ga wasu cikinmu sun ɗauke shi kaman wahayi wasu kuma sun raina shi, ni dai ina tsakiya. Ina duba GFS na Amurka da ke fitowa sau huɗu a rana, da na cibiyar Turai ECMWF mai hedikwata a Reading ta Ingila. Wajen gaya maka yaushe daga za ta iso da irin iskar da ke bayanta sun fi ni nesa ba kusa ba. Amma irin ruwan Talata, wanda zai jiƙa wannan unguwa ya bar ta kusa da ita a bushe, ba mai iya ce maka ga inda zai sauka tun jiya, abun da za a iya faɗa shi ne yau ranar irinsa ce. In ka ga ya taso sai ka koma kan rada, na'urar da ke nuna inda ruwa ke sauka a lokacin, ita ma awa ɗaya zuwa biyu take ba ka. Na kuma fara kallon ayarin lissafi, inda ake gudanar da abu ɗaya sau da yawa, na Turai sau 51, kowanne an ɗan taɓa farkonsa kaɗan. In layukan sakamakonsu sun tafi tare ka saki jiki, in sun watse kaman zaren da ya warware ka rage baki. Tunanin ya samo asali daga aikin Edward Lorenz na 1963, wanda ya nuna ɗan bambanci a farko na iya girma ya canja komai. A bazara layukan nan da wuri suke watsewa, wani lokaci tun kwana na uku ko na huɗu.

Sai maganar maki, don ita ta fi tona min asiri. Da ina rubuta na ci ko na faɗi ne kawai, kuma mutum in shi ke yi wa kansa alƙalanci ai kullum sai ya samu uzuri. Yanzu kashi nake bayarwa in auna da hanyar da Glenn Brier ya fitar a 1950: ka ɗau kason da ka faɗa ka raba da 100, wato kashi 10 ya zama 0.1, ka cire abun da ya faru, 1 in an yi ruwa 0 in ba a yi ba, ka ninka sakamakon da kansa. Ƙarami shi ne mai kyau. Kashi 10 ɗina na Talata ya jawo min 0.81, wanda da na ce 60 da 0.16 kawai zan sha. Wanda kullum yake cewa 50 zai tashi da 0.25, don haka in matsakaicinka ya haura nan gara ka ajiye biro. Ina kuma gwada kaina da malalacin hasashe, wato gobe kaman yau, wanda a lokacin da gari ya zauna wuyar kayarwa gare shi, amma a makon nan ya sha ƙasa sosai, abun da ya ɗan sanyaya min rai kenan.

Af, kafin in manta, wanda baromitarsa ke nuna ƙasa da na taswira kullum, ba lalacewa ta yi ba. Na taswira an mayar da shi daidai da bakin teku ne, kuma kusan kowace mita 8 da ka hau miliba ɗaya ke raguwa, in kana mita 200 za ka ga gibin wajen 24. Ni makon farko na ɗauka guguwa ce ke tafe kullum. Ka fi kula da yanda take hawa ko sauka cikin awa uku, ya fi lambar kanta amfani.

Abun da har yanzu ke ba ni wuya shi ne gefen yankina da ke kusa da teku. Ruwan teku a wannan lokacin bai daɗe da barin mafi sanyinsa na shekara ba, don haka ranar da cikin ƙasa ke fama da tsirin gajimare bakin ruwa sai ya zauna da rana da iska mai sanyi, ni kuma hasashe ɗaya nake rubuta musu duka. Daga makon gobe zan raba shafin gida biyu, kuma na ƙara layi ɗaya a littafin, sanyin matakin 500, wanda dole in cike kafin in rubuta komai.

Na gobe dai ga shi, na riga na rubuta ban leƙa na kowa ba: safiya garau da sanyi, gajimare daga ƙarfe goma sha ɗaya, iska daga yamma, yiwuwar ruwa bayan azahar kashi 40 a cikin ƙasa, 20 a bakin teku, don sama ta ɗan yi ɗumi ba kaman Talata ba. Gaibu sai Allah. Shanya kuma a ɗaki zan yi.