Naushin da Ido Bai Gani Ba

A daren 1 ga watan Yuni na shekarar 2019, wanda a wajenmu ya faɗo daidai lokacin sahur a goman ƙarshe na azumi, Andy Ruiz ya kai Anthony Joshua, zakaran damben boksin na duniya a ajin masu nauyi a lokacin, ƙasa har sau huɗu a zauren Madison Square Garden da ke birnin New York, kafin alƙalin wasa ya raba su a turmi na bakwai. Tun daga washegarin ranar nake jin tambaya guda a duk majalisar da aka tayar da hirar dambe: yaya aka yi mutumin da ya sha naushin Wladimir Klitschko a filin Wembley a 2017, ya faɗi a turmi na shida, ya tashi ya gama da abokin karawarsa a turmi na goma sha ɗaya, ya kasa jure hannun wani gajere mai tumbi wanda ma cike gurbi aka kira shi ya yi? Klitschko fa ya ci wasa 64 a rayuwarsa, kuma 53 daga ciki buge mutum ya yi bai jira hukuncin alƙalai ba.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce wai Joshua ba shi da taurin haɓa, wasu kuma, musamman waɗanda suka saba da gidan damben gargajiya, sukan karkata ga zancen asiri da sa hannu. Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba. Abin da na fahimta bayan shekarun da na yi ina kallon damben boksin da namu na gida shi ne, juriya ba wata dukiya ba ce da ɗan dambe yake ajiye da ita a jikinsa, wadda za ta yi masa aiki iri ɗaya a gaban kowa. Tana sauyawa ne gwargwadon wanda ya tsaya a gabansa, da wurin da naushin ya sauka, da kuma ko idonsa ya ga tahowarsa.

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, ba a ɗaure take tamau ba. Idan aka bugi kai ya juya da sauri farat ɗaya, ƙoƙon yakan riga ƙwaƙwalwar motsawa, sai jijiyoyinta su miƙe su murɗe, saƙon da ke tafiya zuwa ga ƙafafu ya katse na ɗan lokaci. Saboda haka saurin juyawar kai ne yake kayar da mutum, fiye da zafin dukan. Wannan ne ya sa naushin da ya sauka a goshi, ko da na ƙarfi ne, sau da yawa yakan tura kai baya ne kawai, alhali wanda bai kai shi nauyi ba idan ya samu gefen haɓa, wato wuri mafi nisa daga inda kai yake juyawa a kan wuya, sai ya murɗa kan kamar yadda ake kama bakin tulu a juya shi. Ɗan damben da ya hango naushi yana tahowa kuwa, tun kafin ya yi tunani jikinsa ya riga ya shirya: ya cije haƙora, ya sunkuyar da haɓa, naman wuyansa ya ɗaure, kai da kafaɗu sun zama abu ɗaya, ko kuma ya bi naushin da kansa ya rage masa kaifi. Wanda bai gani ba, wuyansa a sake yake, kuma kansa kaɗai ne zai ɗauki dukan.

Tarihin Muhammad Ali ya fi kowane bayani fito da wannan fili. George Foreman ya kai Joe Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu kacal a Kingston ta ƙasar Jamaika a 1973, kuma sa'ad da ya iso Kinshasa a watan Oktoba na 1974 yana da wasa 40 ba a taɓa cin sa ba, 37 daga ciki da bugewa. Ali ya jingina da igiya ya bar shi ya yi ta jibga har ya gaji, sannan ya kayar da shi a turmi na takwas. Amma wannan Alin ne Henry Cooper na Ingila, mutumin da nauyinsa bai fi kilo 84 ba, ya zaunar da shi a ƙasa a 1963, kamar yadda Sonny Banks ya yi masa a 1962, Frazier kuma ya maimaita a turmi na goma sha biyar a 1971. Dukkan ukun da naushi iri ɗaya suka same shi, wato na hagu mai lanƙwasa wanda yake zagayowa ta gefe. Ali yana da ɗabi'ar sauke hannun dama da kauce wa duka ta hanyar ja da baya, kuma wannan ƙofar ce naushin hagu yake shigowa ta cikinta. Foreman kuwa, duk da ƙarfinsa ya ninka na Cooper, yakan ɗebo hannu ne tun daga nesa, Ali yana kallonsa, yana tarbarsa da damtse da kafaɗa. Idan da ƙarfi kaɗai ne ma'auni, lissafin waɗannan wasanni ba zai taɓa daidaita ba.

Masu zuwa gidan dambe a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi sun san irin wannan, ko da ba da wannan harshen suke faɗarsa ba. A damben gargajiya hannu ɗaya ake naɗewa da zare, ɗayan kuma a miƙa shi gaba a yi garkuwa da shi, don haka kowa ya san ta inda dukan zai fito. Duk da haka sai ka ga gwarzon da ya yi turmi uku da ƙato babu kisa, washegari an sa masa zare da wani siririn bahago ya kashe shi a turmin farko, 'yan kallo su yi ta salati. Idonsa da ƙafarsa sun saba da hannun da yake fitowa ta ɓangare guda, na bahago kuma ya zo masa ta ɗayan.

Akwai kuma batun inda jikin wanda aka buga ya dosa a daidai lokacin. Manny Pacquiao na Filifins da Juan Manuel Márquez na Meziko sun kara sau uku, a 2004 da 2008 da 2011, turmi 36 ke nan, kuma Márquez bai taɓa kai shi ƙasa ba ko sau ɗaya. A karo na huɗu, a watan Disamba na 2012, Márquez ya kayar da shi a turmi na uku, sannan saura daƙiƙa guda a tashi daga turmi na shida Pacquiao ya zabura gaba zai kai hari, ya yi karo da hannun daman Márquez, ya kife rub da ciki bai san inda yake ba. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya ne wanda ya sha shansa a baya, sai dai a wannan karon nauyin jikinsa da saurinsa sun haɗu da na naushin.

Idan muka koma kan Joshua, abin da ya same shi ke nan a New York, tare da ƙarin wani abu. Shi ne ya fara kayar da Ruiz a turmi na uku, ya ga kamar nama ya faɗi, ya matso kusa domin ya ƙarasa, ya shiga tazarar da gajere mai saurin hannu ya fi kowa jin daɗinta. Naushin hagun da Ruiz ya mayar masa ya sauka ne a gefen kai, wajen kunne. A cikin kunne akwai sassan da suke riƙe da daidaiton tsayuwar mutum, kuma idan suka girgiza ba lallai ne hankali ya gushe ba, amma ƙafa takan daina bin umarni, jirin kuma yakan daɗe. Duk wanda ya sake kallon wasan zai lura Joshua yana magana da masu horar da shi, idonsa biyu, amma ƙafafunsa ba su dawo daidai ba har aka tashi. Naushin Klitschko kuwa miƙaƙƙe ne daga nesa, kuma bayan ya kayar da Joshua bai bi shi da ruwan duka ba, ya ja baya yana auna shi kamar yadda ya saba, ga shi lokacin yana da shekara 41. Wannan sararin ne ya ba Joshua damar farfaɗowa, abin da Ruiz bai yarda ya ba shi ba.

Ba zan daɗe kan dukan ciki ba, domin shi hukuncinsa daban ne. Naushin da ya samu hanta, a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ba ruwansa da taurin kai ko ƙarfin zuciya. Oscar De La Hoya, wanda ba a taɓa buge shi ba kafin nan, ya kasa tashi daga irinsa a hannun Bernard Hopkins a 2004, alhali yana cikin hayyacinsa sarai.

Abin da aka fi mantawa da shi a musu shi ne cewa jikin da ya shiga fage bana ba shi ne na bara ba. Roy Jones ya hau ajin masu nauyi ya ci kambu a 2003, sannan ya zubar da nauyi ya koma ajinsa na da, kuma a 2004 aka buge shi sau biyu a jere, Antonio Tarver a turmi na biyu, Glen Johnson a na tara, shi da a baya da ƙyar ake taɓa fuskarsa. Rage nauyi cikin gaggawa yana ƙarar da ruwan jiki da kuzari, shekaru suna rage saurin ido, dukan da aka tara a wasanni da wajen atisaye kuma ba ya gogewa. Namu Dick Tiger, ɗan Amaigbo ta jihar Imo a Najeriya, ya yi shekaru yana karawa da manyan masu naushi ba wanda ya ƙirga masa goma, sai a 1968, yana da shekara 38, Bob Foster mai tsawo da dogon hannu ya same shi da naushin hagu a turmi na huɗu. Ban ɗauki hakan a matsayin shaidar cewa haɓarsa ta kasance mai rauni tun asali ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a yi wa Joshua wani hukunci dabam ba.

Shi kansa Joshua ya gwada mana abin daga ɓangarorin biyu. A watan Disamba na 2019, a Diriyah ta ƙasar Saudiyya, ya sake haɗuwa da Ruiz, ya rage nauyi, ya tsaya daga nesa yana zagaya shi da dogon hannunsa har turmi goma sha biyu, ya karɓo kambunansa bisa hukuncin alƙalai ba tare da ya taɓa ƙasa ba. A watan Satumba na 2024 kuma, a Wembley, Daniel Dubois ya same shi da hannun dama a ƙarshen turmin farko lokacin da garkuwarsa take ƙasa, ya yi ta wahala da shi, har zuwa turmi na biyar inda Joshua ya samu sa'a ya girgiza Dubois. Nan take ya matsa gaba zai ƙarasa, ya sauke hannu domin ya ɗago naushi daga ƙasa, sai gajeren hannun daman Dubois ya riga shi isa, alƙali ya ƙirga goma yana kwance.