Alhamdulillahi an gama sutanas, ga godiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Jiya na yi sutanas ɗina na masta a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maraɗi, juri sun amshi aikin, Alhamdulillahi. Tun dare nike son rubuta wannan saƙo amma kiran waya bai barni ba.

Masu tambayata wai mi kake yi ne shekara biyu a labo, to ga shi. Aikina kan na'urar da ke sarrafa moter ɗin pompo mai aiki da hasken rana ne, irin na masu lambu a Jiratawa da bakin Gulbi. Wahalar abin ita ce ba ka taɓa sanin halin da pompon ke ciki daidai ba, ruwan rijiya na sauka da bazara, ƙurar hunturu na ruhe panno, moter na ɗaukar zahi, kuma lissahin ba a miƙe yake ba don in ka ninka gudun pompo wutar da zai ci kusan ninki 8 ce. PID, tsarin sarrafa moter da aka saba da shi, sau ɗaya ake saita shi, yanayi na canzawa sai ya fara kuskure. Tawa na'urar tana ƙiyasta abin da ba ta sani ba, tana gyara saitinta da kanta tana cikin aiki, kuma dole in nuna a lissahi cewa ba za ta kubce ba, da hanyar Lyapunov ɗan Rasha wadda ya kawo tun 1892.

A Simulink, wato gwajin cikin kwamfuta, komi lahiya lau. Ranar da muka haɗa da moter na gaske sai ɗan hayaniyar da ke cikin awon ta riƙa jan ƙiyasin yana hawa a hankali a hankali ban lura ba, can sai moter ya hau kyarma, warin ƙonannen waya ya cika ɗakin. Saura wata biyu a ajiye memuwar. Wallahi na yi kuka ranar.

Malamina, Allah shi saka maka da alheri. Ba ka yi min faɗa ba, ka jawo kujera ka ɗauki alli ka nuna min gyaran sigma, ɗan ƙarin da ke jawo ƙiyasin baya kada ya zarce, muna nan har aka kira isha'i. Layi ɗaya ne a lissahin amma shi ya ceci aikin duka.

Inna, kuɗin adashinki da kika ɗauka kika ba ni cikin ƙullin zane na sayi wayar tagulla, ban manta ba kuma ba zan manta ba. Baba mai ɗaurin moter na kasuwa wanda ya kwana biyu yana naɗi ya ƙi amsar ladan hannunshi, ya ce ɗalibi ɗan kowa ne, Allah shi buɗa maka. Kawu da ya bar min rijiyarshi da fangalin albasa in yi gwaji, 'yan ajinmu da suka ara min kwamfuta lokacin da tawa ta mutu, na gode ƙwarai da gaske.

Pompon na nan lambun Kawu yana aiki, zan ci gaba da ɗaukar awo har watan Afrilu in ga yadda zai yi in ruwan rijiyar ya yi ƙasa sosai. Wanda ke son gani ya zo da hantsi.