Tsinken auduga ɗaya

Yau a ƙaramin asibitin da nake aiki a arewacin Ostareliya, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, ta yi gwajin sankarar bakin mahaifa, karo na farko a rayuwarta. Shekara da shekaru tana zillewa. A al'adarsu harkar mata ba a buɗe ta gaban namiji, kunya dai irin tamu.

Na miƙa mata ɗan tsinken auduga, ta shige bayan labule ita kaɗai, ko minti biyu ba ta yi ba. Tun Yulin 2022 ake barin mace mai shekara 25 zuwa 74 ta ɗauki samfurin da hannunta a duba ƙwayar HPV, wadda ke haddasa wannan sankara. Ta fito tana dariya, wai shi ke nan?

Sai Inna ta faɗo mini a rai. Anjima zan kira ta.