Tarihin Rayuwata a Fagen Kokowa, Kashi na 5: Ranar da Na Ci Ƙasa a Maraɗi

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun tsaya a inda na kayar da gwanin ƙauyen da ke gabas da namu, aka ba ni rago da damin hatsi uku, Baba kuma ya ƙi ko ɗaga ido ya kalli ragon. Yau zuwana Maraɗi na farko da sunan ɗan kokowa zan ba ku.

A lokacin kaka uku ke nan a jere bayana bai taɓa ƙasa ba. Daga ƙauyukan Tsibiri har gefen Gidan Rumji, duk inda aka share fage bayan hatsi ya shiga rumbu, makaɗa na hango ni sai su juya kiɗa. Shekaruna sun ɗan haura ashirin. Inna takan ce ina tatata aka fara kokowar takobi, gasar ƙasar Nijar da ake ba zakara takobi, a 1975, a Tawa, zamanin Seyni Kunce. Ɗan Maraɗi ne ya ɗauko takobin farko, Yakuba Kantu, kuma da sunansa muka tashi. Yaro in ya kayar da abokinsa a rairayin gulbi sai ya bugi ƙirji ya ce shi ne Kantu. Mun girma muna jin karawar manya a gidan rediyon Muryar Sahel, mu ashirin a kan rediyo ɗaya, in batir ya yi sanyi a shanya shi a rana.

Tsarin kuwa shi ne kowace jiha mutum goma take turawa gasar ƙasa. Yanzu da jihohi takwas, 'yan kokowa 80 ke nan, takobi ɗaya. Kafin ka shiga goman Maraɗi sai ka ratsa ta cikin gwanayen Dakwaro, da Mayahi, da Tasawa, da Agye, da Madarumfa, da namu na Gidan Rumji, ga kuma na cikin birni. Wannan zaɓen ne aka kira ni.

Daren da zan tafi Baba bai ce mini je ka ba, bai ce kada ka je ba. Shi malami ne, abin da ke damunsa layu da guraye da kiɗan da ke hana samari sallar la'asar. Ya yi alwala ya shige ɗakinsa. Inna ce ta tashi tun kafin kiran assalatu ta kirɓa fura, ta ƙulle mini ita a tsumma. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, don haka ta kawar da kai ta ce, "Kai wannan, ka dawo mini da ƙafafunka biyu. Allah ya tsare." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, amma na ga hannunta na rawa a kan ƙullin.

Kawu, ƙanen Inna, shi ya raka ni. Ya yi kokowa a zamanin samariya, kuma shi ya fara ɗaura mini walki. Muka hau motar kasuwa a kan buhunan wake, muka sauka tasha, muka taka da ƙafa har filin kokowar da yau ake kira da sunan Kantu.

Ban taɓa ganin fage irin wannan ba. A ƙauye mutane ne katangarka, ka san fuskar kowa, har mai sayar da gyaɗa. Nan kuwa an zagaye rairayi da buhuna, jama'a sun hau bisa hawa-hawa, manya na inuwa, alƙalin wasa da usur a baki. Ga 'yan cali-cali da ƙaton tumbi na tsumma suna kwaikwayon kaye, mutane na dariya. Ga makaɗa kashi-kashi, kowane da gwaninsa. Kawu ya ja ni gefe ya tsuguna yana ɗaura mini kayan. Guru a ƙugu, kambu a damtse, laya biyu a wuya, ya shafa mini wani ruwa daga gora a ƙirji da gwiwa. Da ya gama ya ce, "Ɗana, nan ba gida ba ne. Kada ka yi gaggawa." Na ce to, Kawu. Amma kunnena na wurin ganga.

Karo biyu na farko ban daɗe ba. Na farko ɗan Mayahi ne, dogo, na shiga ƙarƙashinsa na ɗauke shi ɗungurungum. Na biyu ya kawo hannu wuyana, na fizge shi ya zo da gwiwa biyu. Mata suka rangaɗa guɗa, wani Alhaji ya aiko mini da jika biyar, kuɗin da ban taɓa riƙewa lokaci ɗaya ba. Na yi tsalle tsakiyar fage na yi kirari har muryata ta dushe: ni ne gatarin Gobir, ni ne ruwan Agusta mai cika gulbi dare ɗaya!

Washegari aka haɗa ni da wani mutumin Madarumfa. Ba zan faɗi sunansa ba don iyalinsa na nan, kuma shi bai taɓa son a yi ta ambatonsa ba. Ya girme ni da shekara goma ko fi. Gajere ne, furfura ta fara fito masa a gemu, laya ɗaya tak a damtsensa na hagu, fatarta ta yi baƙi don tsufa. Bai yi rawa ba, bai yi kirari ba. Ya shigo ya duƙa ya ɗebi rairayi ya murza a tafin hannu, ya tsaya yana kallon ƙafafuna. Ba fuskata ba, ƙafafuna.

Aka busa usur. Na sunkuya, ya sunkuya. Na miƙa hannu zan kama wuyansa, ya doke hannun. Na sake, ya sake dokewa. Muka yi ta zagaye, yana ja da baya taku ɗaya, ya gusa hagu taku ɗaya, har na lura rana ta dawo cikin idona. Shi ya juya ni ban sani ba. Jama'a suka fara ihu, masu cewa ya ji tsoro, masu cewa in gama da tsoho. Ihun ya shiga kaina. Na kai masa cafka da dukan ƙarfina, na samu ƙugunsa, na ji walkinsa a hannuna, na ce shi ke nan. Na ɗaga. Wallahi kamar na rungumi kututturen gawo. Ya saki nauyinsa ƙasa, ya kafa goshinsa a ƙarƙashin haɓata, ina jin numfashinsa a hankali kamar mai barci, nawa kuwa kamar zugazugin maƙeri. Ya bar ni na yi ta ɗagawa har sau uku. A na ukun, daidai lokacin da na tattara nauyina a ƙafar dama don in murɗa shi, sai na ji diddigensa a bayan idon sawuna. Taɗiya ce ƙarama, irin wadda yara ke yi. Ya tura da ƙirji. Sama ta juya, na ji rairayi mai zafi a gadon bayana.

Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Ni ban ji komai ba sai ƙarar jini a kunne. Ina kwance ina kallon wata shirwa tana shawagi, guruna ya tsinke, laya ɗaya ta faɗi gefe. Kaka uku ban san ɗanɗanon ƙasa ba, ga shi ta cika mini baki gaban dubban mutane.

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa har gobe nake yi masa addu'a. Bai tsallake ni ba, bai ruga wurin makaɗansa ba. Ya duƙa ya kama hannuna ya tashe ni, ya kakkaɓe mini baya da tafinsa, ya tsinci layar ya damƙa mini. Sannan ya rungume ni ya ɗaga ni sama kaɗan, yadda 'yan kokowa ke girmama juna, ya ce a kunnena, "Ƙanena, ƙarfi kana da shi. Ƙafarka ta dama ce ke tona maka asiri."

Ban shiga goman ba a shekarar. Wanda duk ya ce maka kaye ba ya ciwo bai taɓa ɗaura walki ba. Na koma bayan fili na zauna gindin wata bedi na yi kuka, Kawu na tsaye kaina bai hana ni ba. Da na natsu ya kwance sauran furar Inna, ta yi tsami, ya dama da ruwan randa muka sha. Ya ce shi ma ya ga ƙafar tun a gida, amma wanda bai taɓa faɗuwa ba ba ya jin magana.

Da magariba muna shirin neman mota, sai ga yaro ya zo ya ce ana kiranmu wajen masu shayi. Mutumin ne zaune a benci, ya sa riga da hula, ba ka ce shi ya tayar da fili ɗazu ba. Ya gaisa da Kawu hannu biyu, ya tambayi gida da iyali, sannan ya juyo gare ni.

"Me kake yi da rani?"

Na ce, "Yaya, ba komai, sai ɗan cin rani a Jibiya ko Katsina."

Ya ce yana da gonar noman rani a Jiratawa, yana neman mai taya shi ban ruwa. Da safe aiki, da yamma rairayin gulbi. Abinci nasa, wurin kwana nasa. Sharaɗinsa ɗaya: sai mahaifina ya yarda da bakinsa, ba ta bakin Kawu ba.

Na dubi Kawu, Kawu ya dubi ƙasa. Mu biyu mun san wanda ke jiranmu a gida, kuma mun san labarin kayen zai riga mu isa.

Yadda muka yi da Baba a zaure, da abin da ya sa in cire kafin ya buɗe baki, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.