Kafin Ka Raba Foldar Jami'a, Duba Wa Ya Mallake Ta da Abin da Ke Ƙarƙashinta

Kuskure biyu ne suka fi yawa a ma'ajiyar intanet da jami'o'i ke bai wa malamai da ɗalibai. Na farko, malami ya buɗe wa ɗalibai foldar kwas, ya manta cewa tambayoyin jarabawa na kwance a wata ƙaramar folda a cikinta. Na biyu, ɗalibin digiri na uku ya kammala, jami'a ta rufe asusunsa, bayanan binciken da mutum biyar suka tara su tafi tare da asusun. Ko Google Drive jami'arku ke amfani da shi, ko OneDrive da SharePoint na Microsoft, ko Box, duka biyun na faruwa, kuma ana iya toshe su tun ranar da aka buɗe foldar.

Mu fara da gangarowar izini. Izinin da ka bayar a kan folda yana sauka ne kamar ruwa, ya ratsa duk abin da ke ƙasa da ita: ƙananan foldodi, fayilolin da ke ciki yau, da waɗanda za a zuba gobe. Ƙara wa mutum izini a ƙasa abu ne mai sauƙi, rage masa ne ke da wuya. A Box ma ba ya yiwuwa sam. Wanda aka gayyata babbar folda yana ganin duk 'ya'yanta. A SharePoint ana iya yanke gadon izini a kan folda ɗaya, amma daga ranar da ka yanke, duk sauyin da aka yi a sama ba zai ƙara sauko mata ba, sai a cire mutum daga babbar folda a ɗauka an gama da shi alhali sunansa na nan a waccan. Google ya kawo folda mai taƙaitaccen izini, wadda sai waɗanda aka sa sunansu kai tsaye ke buɗewa, sai dai sauran jama'a na ganin sunanta, kuma manajojin ma'ajiyar na shiga. Folda mai suna "Tambayoyin jarabawar zango na biyu" ta riga ta faɗi inda ake ɓoye abin ko ba a buɗe ta ba.

Shi ya sa nake ganin a tsara foldodi bisa waɗanda za su gani, kafin a yi tunanin abin da ke ciki. Ga kwas ɗaya, babbar folda ta zama ta malamin da abokan koyarwarsa kaɗai. A ƙarƙashinta a buɗe folda uku: ɗaya ta kayan karatu da ɗalibai za su kalla kawai, ɗaya ta masu taimaka wa malami inda za su yi gyara, ɗaya ta jarabawa da maki wadda ba a ƙara kowa a kanta. Ɗalibai a gayyace su a kan foldar kayan karatu, ba a kan babbar ba. Sama a matse, ƙasa a saki. Idan aka yi haka babu abin da za a yanke ko a ɓoye daga baya.

A kula da matsar da fayil. Da zarar ka ja fayil daga foldar jarabawa ka sauke shi a foldar kayan karatu, ya ɗauki izinin sabon gidansa nan take. Kuma a Google Drive, wanda ka taɓa ba izini kai tsaye a kan fayilin yana nan da izininsa duk inda ka kai shi.

Batun mallaka shi ne wanda ya fi cin mutane, domin ba ya nuna kansa sai bayan shekara biyu ko uku. A My Drive na Google, wato ma'ajiyar kowane mutum ta kansa, mai folda daban, mai fayil daban. Idan ka buɗe folda ka gayyaci ɗalibanka, duk fayilin da ɗalibi ya ɗora nasa ne, a cikin kason ajiyarsa ake ƙirga shi, ko da yana zaune a foldarka. Ranar da aka goge asusun ɗalibin, fayilin zai ɓace daga foldar kai kuwa ba ka taɓa komai ba. A OneDrive da Box akasin haka ne: duk abin da aka zuba a folda yana zaune a wurin mai foldar. Wannan ya kare ka daga tafiyar ɗalibi, amma idan mai foldar ne ya bar aiki, komai ya bi shi gaba ɗaya. Microsoft yana riƙe OneDrive ɗin asusun da aka goge kwana 30 idan jami'a ba ta sauya adadin ba. Google yana bai wa masu kula da tsarin kwana 20 su dawo da asusun da aka goge. Yawanci kafin wani ya lura cewa foldar ta ɓace, kwanakin sun wuce.

Maganin shi ne duk aikin da zai fi mutum ɗaya daɗewa ya zauna a ma'ajiyar haɗaka. A Google sunanta Shared drive, a Microsoft shafin SharePoint ne, kuma kowace ƙungiya da aka buɗe a Teams, manhajar Microsoft ta hira da aikin haɗin gwiwa, tana zuwa da nata. Abin da ke ciki na jami'a ne, mutane su shigo su fita fayiloli na nan. Takardun sashe, bayanan ɗakin gwaje-gwaje, rahotannin kwamiti, duk can ya kamata su kasance. A sa manaja aƙalla biyu, dukansu ma'aikata na dindindin. Ma'ajiyar da manajanta ɗaya ne, shi ma mai kwantiragin shekara guda, matsalar ce dai aka ɗage mata rana.

Akwai wani tarko a Teams da ya kamata kowa ya sani. Fayilin da aka ɗora a zauren ƙungiya yana tafiya SharePoint, ya zama na ƙungiya. Wanda aka tura a hirar mutum biyu ko ta 'yan tsiraru kuwa a OneDrive ɗin wanda ya tura yake zama. A allo kamanninsu ɗaya, makomarsu ce ta bambanta.

Sai matakan izini. Kallo, sharhi, gyara: waɗannan uku kowa ya san su. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne girman ikon mai gyara a kan folda. Yana iya fitar da fayil, ya sake masa suna, kuma a Google yana iya gayyato wasu mutane har ya sauya musu izini, sai idan mai foldar ya shiga saitin rabawa, wurin alamar da ke kama da ƙaramar taya mai haƙora, ya cire wannan damar. Ka cire ta a duk foldar da ke da nauyi. A ma'ajiyar haɗaka ta Google matakan biyar ne, kuma na tsakiyar, mai ba da gudummawa, shi ya fi dacewa da yawancin ɗaliban bincike: yana ɗora fayil, yana gyarawa, amma ba ya matsarwa ba ya gogewa. Matakin da ke samansa, mai kula da abubuwan ciki, shi ke matsarwa da jefawa a kwandon shara, don haka mutum biyu ko uku sun isa. Mai duba kundin digiri kuwa izinin sharhi ya wadatar da shi, domin gyaransa zai fito a matsayin shawara, ɗalibi ya karɓa da hannunsa.

Karɓar aikin gida ta buɗaɗɗiyar folda mai izinin gyara kuskure ne babba, kuma ana yawan yin sa. Kowane ɗalibi na ganin aikin ɗan'uwansa, yana iya kwafa, yana iya gogewa. OneDrive da Box suna da hanyar neman fayil, inda mutum ke ɗorawa ba tare da ya ga abin da wasu suka ɗora ba. A OneDrive sai jami'a ta bar mahaɗin kowa-da-kowa, wato link ɗin da ke buɗe wa duk wanda ya same shi, a buɗe kafin wannan hanyar ta yi aiki. A Google, fom mai wurin ɗora fayil yana yin wannan aikin. In kuwa jami'a na da manhajar koyarwa irin Moodle ko Canvas, can ne asalin wurin karɓar aiki.

Mahaɗi iri uku ne a taƙaice. Na waɗanda ka zaɓa da suna, wanda ko an tura wa wani ba zai buɗe masa ba. Na duk wanda ke cikin jami'a. Sai na duk wanda ya samu. Na uku an san haɗarinsa: ana tura shi gaba, ba ya neman shiga asusu, kuma ba za ka san wa ya buɗe ba. Na biyun ne ke yaudarar mutane, domin sunan jami'a da ke jikinsa yana sa a ji kamar sirri ne. A jami'o'i da yawa malamai da ɗalibai a ƙarƙashin tsari ɗaya suke, don haka wannan mahaɗin yana buɗe wa dubban ɗalibai. A Google har akwai zaɓin da ke sa fayilin ya fito wa duk ɗan jami'ar da ya yi bincike, ko ba a tura masa mahaɗin ba. Maki, takardun lafiya, bayanan mutanen da aka yi hira da su a bincike, wasiƙun ɗaukar aiki: kada ɗaya daga cikinsu ya hau irin wannan mahaɗi.

Ga baƙo daga waje, kamar mai jarabawa daga wata jami'a, a gayyace shi da adireshin imel ɗinsa a kan folda ɗaya da aka ware masa, a sa ranar da izinin zai ƙare. Google yana barin asusun makaranta ya sa wa'adi har zuwa shekara ɗaya. Idan dole sai an yi mahaɗin kowa-da-kowa, OneDrive yana bari a sa masa wa'adi da kalmar sirri. Kalmar a tura ta wata hanya daban. Hana saukewa da bugawa yana da amfani, amma ba ya hana ɗaukar hoton allo, don haka abin da bai kamata mutum ya riƙe ba kada a nuna masa.

Idan mutanen sun wuce goma, a daina rubuta sunaye ɗaya bayan ɗaya, a yi rukuni. Rukuni ɗaya na masu taimaka wa malami a haɗa shi da foldodin da suka dace. Idan wani ya tafi, a cire shi a wuri ɗaya, ƙofofin duka su rufe.

Wannan ya kawo mu ga ƙorafin da aka fi ji: "Na cire shi, amma har yanzu yana buɗewa." Izini na zuwa ta hanya huɗu, kai tsaye, ta rukuni, ta gado daga babbar folda, ko ta mahaɗi, kuma mafi girman cikinsu ne ke aiki. Ka cire sunansa amma yana cikin rukuni, ko mahaɗin jami'a na nan a raye. Ka buɗe shafin kula da izini na foldar ka bi hanyoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya. A OneDrive sai ka goge mahaɗin kansa. Ƙorafi na biyu kishiyarsa ne: an ba mutum izini amma allo na ce masa ba shi da shi. Kusan kullum da Gmail ɗinsa na kansa ya shiga a burauza, ba da asusun jami'a ba. Zai danna neman izini, saƙo ya zo maka. Kada ka amince don a wuce wurin, domin jami'a ba ta da iko a kan wannan asusun, kuma zai ci gaba da buɗe foldar bayan mutumin ya bar makarantar. Ka ce ya sauya asusu.

Masu haɗa ma'ajiya da kwamfutarsu su tuna cewa goge fayil a cikin foldar haɗaka a kwamfuta gogewa ce ga kowa. Mutum na neman fili a kwamfutarsa sai ya share aikin sashe guda. Google yana riƙe abin da ke kwandon shara kwana 30, masu kula da tsarin kuma suna da ƙarin kwana 25 su dawo da shi. OneDrive na makaranta da SharePoint kwana 93 ne, kuma ana iya mayar da OneDrive gaba ɗayansa yadda yake a kowace rana cikin kwana 30 da suka wuce. Da zarar an lura, a sanar da sashen fasahar sadarwa a ranar, tare da sunan fayilin da foldar da yake ciki.

A ƙarshen kowane zango a ware rabin sa'a a yi bita. A Google Drive, rubuta sharedwith:public a akwatin bincike yana fito da fayilolin da ke buɗe ga duniya, sharedwith:external kuma waɗanda aka raba da mutanen waje. A mayar da foldar kwas ɗin da ya ƙare zuwa kallo kawai, a cire masu taimakon da suka gama. Ɗalibin da zai kammala ya matsar da fayilolin bincike zuwa ma'ajiyar haɗaka tun asusunsa na aiki, domin Google ba ya bari a miƙa mallakar fayil daga asusun jami'a zuwa Gmail na waje; kwafi kawai zai iya ɗauka. Mai duba aikinsa ya buɗe fayil biyu ko uku a sabon wurin, ya tabbatar sunan ma'ajiyar ne ke jiki a matsayin mai mallaka, kafin ya sa hannu a takardar sallama.