Kafin minista ya tsaya gaban kwamiti

Bayan na yi ritaya daga aikin gwamnati, wata ma'aikatar tarayya a Abuja ta neme ni in ba ta shawara kan hulɗarta da Majalisar Dokoki ta Ƙasa, da kuma irin hidimar da ma'aikata ke yi wa ofishin minista. Ba zan kama sunan ma'aikatar ba, don waɗanda muka yi aikin tare suna nan kan kujerunsu. Dalilin kiran shi ne wani zaman kare kasafin kuɗi da bai yi daɗi ba. An tambayi minista nawa aka kashe a wani aiki, ya faɗi adadi, sai wani ɗan kwamiti ya zaro wasiƙa mai hatimin ma'aikatar da kanta, ɗauke da wani adadin daban. Aka ɗage zaman, washegari labari ya cika jaridu.

Hadiman minista sun ɗauka na zo ne in koya wa maigidansu yadda ake magana a gaban 'yan majalisa. Babbar Sakatariya ta fi su sanin inda ciwon yake. Ranar da muka fara zama ta ce da ni, "Alhaji, magana kam Yallaɓai ya iya ta. Abin da muke damƙa masa a hannu nake so ka duba mana."

Wanda bai san tsarin ba zai yi mamakin yadda takarda ta fi baki nauyi a wannan harka. A Jamhuriya ta Farko ministoci 'yan majalisa ne, suna zaune a zaure ɗaya da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ana tambayarsu baki da baki. Daga 1979 muka koma tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, kuma Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bi wannan sahu. Sashe na 147 ya ce ɗan majalisar da aka naɗa minista, da zarar ya yi rantsuwa ya bar kujerarsa. Saboda haka minista baƙo ne a Majalisa, sai an gayyace shi. Sashe na 67 ya wajabta masa amsa gayyatar, ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Sashe na 88 ya ba kowace majalisa ikon bincike domin gyara doka da kuma tona cin hanci, rashin iya aiki ko almubazzaranci. Na 89 ya ba ta ikon kiran kowa, da sa shi rantsuwa, da ba da sammacin kawo shi in ya ƙi zuwa. Sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360 suna yin wannan aiki ne ta hannun kwamitoci, su kuma kwamitoci da wasiƙa suke magana.

Don haka da wasiƙu na fara. Na roƙi a tattaro mini duk wadda ta zo daga Majalisa a shekarar da ta wuce, da amsar da aka ba ta. A nan na ga abin da ya faru. Wata wasiƙar ta shiga ofishin minista, wata ta shiga na Babbar Sakatariya, wata kuma akawun kwamiti ya aika kai tsaye ga shugaban wata hukuma da ke ƙarƙashin ma'aikatar. Kwamitin Dattawa ya tambaya, takwaransa na Wakilai ya tambaya, kwamitin wucin gadi ma ya tambaya, kowanne an amsa masa daga tebur daban. Babu mutum ɗaya a duk ginin da zai iya gaya maka abin da ma'aikatar ta faɗa wa Majalisa daga farkon shekara zuwa ƙarshenta.

Abin da ya fi damuna shi ne babu wanda ya yi ƙarya. Aiki ɗaya yana da adadi kala-kala, kowanne gaskiya ne a wurinsa. Akwai abin da aka ware masa a dokar kasafi, wannan yana hannun sashen tsare-tsare. Akwai darajar kwangilar da aka bayar, tana hannun sashen kwangila. Akwai abin da aka ba da izinin saki, akwai kuma wanda ya zama kuɗi a hannu har aka biya ɗan kwangila, su kuma suna wurin daraktan kuɗi. Tun da aka tilasta asusun bai ɗaya a 2015 kuɗin ma'aikatu ya koma Babban Banki, biya kuma yana bi ta manhajar kuɗin gwamnati ta GIFMIS, to amma izini na iya fita a takarda kuɗi bai biyo shi ba sai bayan watanni. Ga kuma dokar bayar da kwangila ta 2007, wadda ta ce sai an yi talla, an buɗe tayi, an tantance, kafin a ba kowa aiki. A ce an ware wa aiki naira miliyan 500. Ɗan majalisa ya je mazaɓarsa ya faɗa wa mutane an sa musu miliyan 500. A ƙarshen shekara wataƙila rabi aka saki, abin da ya isa hannun ɗan kwangila kuma kuɗin fara aiki ne kawai. In ya tambayi minista "nawa aka kashe?", amsa ta danganta da daraktan da ya rubuta takardar a daren jiya.

Maganin da muka yi ba wani abin burgewa ba ne. Kowane babban aiki aka ba shi shafi ɗaya: sunansa, jiha da ƙaramar hukumar da yake, abin da aka ware, darajar kwangila, abin da aka saki, abin da aka biya, inda aiki ya tsaya, da ranar da injiniya ya je ya gani da idonsa. A ƙasa daraktan kuɗi da na tsare-tsare su sa hannu tare da kwanan wata. Babbar Sakatariya ta ba da umarni kada wani adadi ya fita zuwa Majalisa sai daga wannan shafi. Aka kuma buɗe rajista guda, a littafi da a kwamfuta, inda kowace wasiƙar Majalisa ke shiga a ranar da ta iso, ko ta wace ƙofa ta shigo.

Ba kowa ne ya yi maraba ba. Wani darakta ya same ni a ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa ƙarin aiki ne, ga shi ba a ƙara mana mutane ba." Yana da gaskiyarsa, watannin farko an sha wahala. Amma na daɗe a aikin gwamnati, na san akwai wani dalilin da ba a faɗa. Wanda shi kaɗai ya san adadi, dole a neme shi, dole a tafi da shi duk inda minista zai je. Sa adadin a shafin da kowa ke gani rage masa girma ne a ganinsa. Ban yi masa gardama ba. Na ce sunansa ne zai fito a ƙasan shafin, kuma shi zai zauna bayan minista ranar zama. Da haka muka daidaita.

Inda na fi daɗewa shi ne maganar Kwamitin Asusun Gwamnati, wanda ma'aikata ke kira PAC, kuma shi ne inda ma'aikatu suka fi sakaci. Sashe na 85 ya ɗora wa Odita Janar na Tarayya binciken asusun gwamnati da miƙa rahotonsa ga Majalisa, wannan kwamiti kuma shi ke bin rahoton. Bisa al'ada ɗan jam'iyyar adawa ke shugabantarsa. Wanda ake kira a nan galibi Babban Sakatare ne, domin shi ne jami'in da alhakin kuɗin ma'aikata ke wuyansa. Matsalar ita ce rahoton yakan zo ne kan kuɗin shekarun baya. Wanda ya sa hannu a baucan, wato takardar biyan kuɗin, an yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko ya rasu. Wadda ke kan kujera yau ita za ta amsa abin da aka yi tun tana wata ma'aikatar.

Na nemi a kai ni ɗakin ajiyar takardu. Wani dattijo ne ke kula da shi, ƙaramin ma'aikaci, saura masa kaɗan ya bar aiki. Baucoci a ɗaure da igiya, an jibge su har kusa da rufi, wasu ruwan sama ya taɓa su. Na ce, "Baba, in na nemi baucan kaza ta shekara kaza, za a samu?" Ya tashi bai ce komai ba, ya taka kujera, ya sauko da ƙunshi, ga ta a ciki. Komai a kansa yake, ba a rubuce ba. Ya ce, "Yallaɓai, ba mai zuwa nan sai an sa ranar kwamiti. Ni kuwa na sha gaya musu ba a fafe gora ranar tafiya." Na fito ɗakin nan raina a ɓace, domin amsar tuhumar miliyoyin naira tana rataye ne a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya da ba a taɓa gayyatarsa taro ba. Abu na farko da na rubuta a rahotona shi ne a haɗa shi da matasa biyu su jera komai bisa shekara, su rubuta, su ɗauki hoton baucocin da odita ya yi magana a kansu, tun kafin ya tafi. An yi, kuma tuhumomi da dama da aka yi ta jan su an rufe su ne kawai ta hanyar kawo takardar da ta daɗe tana nan.

Game da ofishin minista kuwa, mutane iri biyu ne ke yi masa hidima. Hadimai da shi suka zo, da shi za su tafi, sun san siyasar kowane ɗan kwamiti da abin da ke damun mazaɓarsa. Ma'aikata sun san fayil da tarihin kowane aiki. Na tarar kowane ɓangare yana rubuta wa minista tasa takardar, ba ya nuna wa ɗaya. Muka mayar da ita ɗaya, gajera, ma'aikata su kawo adadi, hadimai su kawo tambayoyin da ake tsammani. Kwana kaɗan kafin zama sai mu yi gwaji a ɗakin taro, daraktoci su zama 'yan kwamiti, su yi tambaya ba sassauci.

A irin wannan gwaji ne na ce wa minista, "Ranka ya daɗe, abin da babu shi a shafi, ka ce za a kawo a rubuce." Ya ce, "Malam, ai sai su ce ban san ma'aikatata ba." Na ce gara su faɗi haka na yini ɗaya da a riƙe shi da adadin da ya faɗa bisa rantsuwa. Ya yarda. Sai dai wannan kalma ta "za a kawo" bashi ce. Na ga yadda ake faɗinta a gaban kwamiti, a fito a shiga mota a manta, bayan shekara akawun kwamiti ya buɗe littafinsa ya karanto. Saboda haka duk zaman da aka je, akwai jami'i ɗaya da ba shi da aikin komai sai rubuta alkawuran da aka ɗauka, kowanne da sunan wanda zai cika shi da ranar cikawa. A taron daraktoci na wata-wata da wannan jeri ake farawa.

Tura wakili kuma na hana, sai da babban uzuri. Kwamitoci da yawa ba sa sauraron wakili, kuma ina ganin suna da hujja. In rana ta ci karo da wani aikin, a rubuta da wuri a nemi wata, a kuma kira akawun kwamiti ta waya. Daga Sakatariyar Tarayya zuwa harabar Majalisa tafiyar 'yan mintoci ce. Lokacin da aka dawo da kasafi kan tsarin Janairu zuwa Disamba, wanda ya fara da na 2020 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Disamban 2019, zaman kare kasafi ya riƙa cunkushewa cikin 'yan makonni, gayyata biyu na iya faɗowa rana ɗaya. Wanda bai shirya tun damina ba zai sha wuya.

Akwai abin da ba a cika son faɗa ba. Wani lokaci bayan an tashi daga zama sai a biyo minista da roƙo, a sa aiki a mazaɓa kaza, ko a ɗauki yaro aiki. Shawarata ita ce kada a taɓa haɗa wannan da amsar bincike. Maganar aikin mazaɓa a rubuto ta, ta bi hanyar kasafi, a kuma tuna hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tana bin sawun irin waɗannan ayyuka tun 2019. Ɗaukar manyan ma'aikata kuwa hurumin Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ne. Duk da haka ba na tare da masu cewa duk binciken Majalisa neman na goro ne. Tambaya mafi amfani da na ji ta fito ne daga bakin wani ɗan majalisa mai wakiltar karkara, wanda ya ce ya je wurin aikin da takardarmu ta ce an kammala, ya tarar da harsashi kawai ciyawa ta rufe shi. Aka tura mutane suka duba, haka yake. Ba don shi ba da an biya ɗan kwangilar sauran kuɗinsa, mutanen garin kuma su ci gaba da jira.

Shafin nan guda ya yi wani amfanin da ban yi tsammani ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa wa duk wanda ya nemi bayani, ɗan jarida ne ko ƙungiya. Da can irin waɗannan wasiƙu sai su yi ta yawo daga tebur zuwa tebur. Yanzu amsar tana nan a shirye, kuma ita ce dai wadda aka ba Majalisa.

Abin da na bari bai kammalu ba shi ne hukumomin da ke ƙarƙashin ma'aikatar. Wasu shugabanninsu har yanzu suna amsa wa kwamitoci kai tsaye ba tare da aiko da kwafi ba, suna cewa dokar da ta kafa su ta ba su 'yancin kansu. Ba na jayayya da 'yancin, kwafin kawai nake nema, domin minista ne za a tambaya. Na kuma ji tsoron abin da zai faru in aka ɗauke Hajiya Babbar Sakatariya zuwa wata ma'aikatar, tunda manyan sakatarori ba sa daɗewa wuri ɗaya. Don haka na roƙe ta ta fitar da tsarin a matsayin takardar umarni ta cikin gida, rajistar wasiƙu da jerin alkawura kuma su shiga cikin takardun miƙa aiki ga duk wanda zai gaje ta. Ta sa hannu kafin in bar wurin, ta kuma sa a tura jami'an da ke riƙe da rajistar kwas a cibiyar nazarin harkokin majalisa ta NILDS da ke nan Abuja.